NAZARI: Jinya A Gida, Asibiti Mafi Girma A Najeriya Da Babu Shi A Kasafin Kuɗi

A manyan asibitocin Arewa akwai kalmar da dangin mara lafiya ke karɓa da zuciya biyu, wato sallama. Ga wanda ya warke, albishir ce. Amma ga dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, ko gyatumar da ciwon daji ya ci ƙarfinta, sallama na nufin an fita daga hannun ma'aikatan da suka shafe shekaru suna koyon aikin, an koma hannun 'ya ko suruka wadda ba a taɓa nuna mata ko yadda ake juya mara lafiya a kan shimfiɗa ba. Za a miƙa wa dangi takardar sayen magani, a rubuta masu ranar dawowa ganin likita, su naɗe tabarma su tattara kwanuka, a tallabi dattijo a sa shi cikin Adaidaita Sahu. Daga bakin ƙofar asibiti, gwamnati ta gama nata.

Idan aka haɗa ɗakunan da ake irin wannan jinya daga Sakkwato zuwa Maiduguri, za su zarce gadajen duk asibitocin koyarwa na ƙasar nan nesa ba kusa ba. Wannan shi ne asibiti mafi girma a Najeriya. Ba shi da shugaba, ba shi da ma'aikaci mai albashi, kuma babu layinsa a kasafin kuɗin tarayya ko na jiha.

Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama kimanin kashi biyar ne cikin ɗari na 'yan Najeriya. Kason ya yi ƙanƙanta a ido, shi ya sa 'yan siyasa ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Sai dai kashi biyar na mutane sama da miliyan 220 ya haura miliyan goma. A kan wannan sai a ƙara waɗanda ba su tsufa ba amma ciwo ya kwantar: masu ciwon ƙoda, masu ciwon daji, masu sikila, da waɗanda haɗarin mota ya taɓa wa laka. Bincike-bincike da dama sun nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na manya a ƙasar nan yana da hawan jini, cutar da ita ce babbar ƙofar shanyewar ɓarin jiki. Ke nan layin masu jiran jinya ƙaruwa yake yi.

Abin Da Ke Faruwa A Ɗakin Jinya

Wanda bai taɓa jinya ba yana ɗauka aikin bai wuce dafa kunu da ba da magani a kan lokaci ba. Jiki magayi. Mara lafiyar da ba ya iya motsi yana buƙatar a juya shi kusan kowane awa biyu, dare da rana. Idan aka bar shi a gefe ɗaya, jini zai daina isa fatar da nauyin jiki ya danne, musamman a kwankwaso da ƙugu da dunduniya, sai gyambon kwanciya ya buɗe. Gyambon na iya cin nama har ya kai ƙashi, ƙwayoyin cuta su shiga jini. Mutane da yawa da suka tsira daga ciwon da ya kwantar da su, wannan gyambo ne ke zama ajalinsu.

Haka batun ciyarwa. Shanyewar ɓarin jiki kan taɓa ƙarfin haɗiya. Idan aka ɗura wa mara lafiya koko yana kwance rigingine, abin zai iya bin hanyar iska ya sauka a huhu, bayan kwana biyu zazzaɓi da sarƙewar numfashi su biyo baya. Robar fitsarin da aka manta ba a canza ba takan jawo cuta a mafitsara har ta hau ƙoda. Gaɓoɓin da ba a motsa su kullum sukan sandare, ta yadda ko mai gashin ƙashi ya zo daga baya, aikin ya riga ya yi wuya. Tsohon da ciwon mantuwa ya kama, wanda yakan fita ya ɓata ko ya daina gane 'ya'yansa, sau da yawa akan ce jifa aka yi masa, ko kuma a kulle shi a ɗaki.

Duk waɗannan abubuwa ne da ma'aikaciyar jinya za ta iya koya wa dangi cikin 'yan kwanaki. Da yake babu wanda aka ɗora wa wannan aiki, gurbin ya faɗa hannun mai kemis na unguwa. Shi ake kira ya zo ya yi ƙarin ruwa, shi ke rataya leda a jikin ƙusa, shi ke yin allura. A idon dangi, ƙarin ruwa shi ne alamar an yi wa mara lafiya wani abu. Amma ga mai ciwon zuciya ko wanda ƙodarsa ta gaza, ledar ruwa guda da aka ɗura ba bisa ƙa'ida ba za ta iya cika huhu, ta gajarta kwana.

Sannan ga matsalar lantarki. Allurar insulin ta masu ciwon suga tana son sanyi, na'urar tace iskar oksijin kuma ba ta aiki sai da wuta. A watan Oktoban 2024, lokacin da mafi yawan jihohin Arewa suka shafe kwanaki a cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, an yi ta lissafin asarar masana'antu da ta masu sayar da ƙanƙara. Ba a ji wata hukuma ta fito da lissafin abin da ya faru a ɗakunan jinya ba.

Wa Ke Biyan Kuɗin, Wa Ke Biya Da Rayuwarsa

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun daɗe suna nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane suke fitowa kai tsaye. Wannan na cikin mafi muni a duniya. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo baya, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi. Kamfanin GSK ya sanar da daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a ƙasar a watan Agustan shekarar, abin da ya ƙara tsadar wasu magungunan da masu asma da sauran masu doguwar jinya suka dogara da su. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin cire haraji daga kayan haɗa magunguna, amma mai sayen maganin hawan jini duk wata shi ya san ko sauƙin ya iso gare shi.

Misalin wankin ƙoda ya isa ya nuna girman nauyin. Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki ɗaya daga kimanin naira 50,000 zuwa naira 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta. Ragi ne na gaske, kuma ya cancanci yabo. Sai dai mai ciwon yana buƙatar wanki sau biyu zuwa uku a mako. Ko sau biyu aka tsaya, kuɗin wata ya kama naira 96,000, ban da kuɗin mota da magani da ƙarin jini, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Mutumin Gashuwa a Jihar Yobe, yankin da ya yi ƙaurin suna wajen yawan masu ciwon ƙoda, ba ya buƙatar a yi masa wannan lissafi.

Daga nan sai a fara sayar da abin da aka mallaka. Akuya ke fara tafiya, sai keken ɗinki, sai gona, wani lokacin har gidan gado. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, sana'o'in da ba na ofis ba suke yi. Manomi da maƙeri da mai sayar da ƙosai ba su da fansho. Fanshonsu 'ya'yansu ne, kuma 'ya'yan su ne matasan da ke fama da rashin aiki.

Akwai kuma kuɗin da ba a ƙirga shi da naira. A mafi yawan gidaje, maza ke haɗa kuɗin magani, amma mace ce ke kwana a zaune. Ita ke wankin ƙazanta, ita ke ɗaga wanda ya fi ta nauyi har bayanta ya ƙage. Idan babu babbar mace da za ta zauna, sai a ciro yarinya daga makaranta, a ce ta je ta zauna da kaka na ɗan lokaci. Ɗan lokacin ya zama shekara uku, karatu ya bi ruwa. Wata kuma aurenta ne ke girgiza saboda ta tare a gidan iyayenta. Al'umma na yi wa irin waɗannan mata addu'ar samun lada, amma da wuya a tambaye su yaushe rabonsu da barci.

Dokoki Sun Cika Takarda

Najeriya ba ta rasa dokoki a kan wannan batu ba. Sashe na 16 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa gwamnati tsara manufofinta ta yadda za a kula da tsofaffi, a ba da fansho, a tallafa wa marasa lafiya da masu buƙata ta musamman. Amma sashen yana cikin Babi na Biyu, wanda Sashe na 6 ya hana kotuna tilasta aiwatar da shi. Alkawari ne da ba a iya kai ƙarar wanda ya saɓa.

A farkon 2018 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa. Sai a 2021 aka naɗa wa cibiyar shugabanci, shekarar da Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan tsufa. A watan Mayun 2022 aka sa hannu a kan dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni, ciki har da tsofaffi. Har yanzu waɗanda ke cikin inshorar kimanin miliyan 20 ne, wato ƙasa da mutum ɗaya cikin goma.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko, BHCPF, wanda ke samun aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Asusun ya fi mayar da hankali ga awon ciki, haihuwa, lafiyar ƙananan yara da zazzaɓin cizon sauro. Waɗannan buƙatu ne da babu mai jayayya a kansu. Matsalar ita ce an gina tsarin gaba ɗaya a kan wanda zai iya zuwa cibiyar lafiya da ƙafarsa. Wanda ya kwanta, ya fita daga lissafi.

Duk wannan na faruwa ne a ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron shugabannin Afirka a Abuja a 2001, inda aka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Sama da shekara ashirin bayan nan, kason tarayya bai cika wuce kashi biyar zuwa shida ba. Masu yanke wannan hukunci ba su ɗanɗana sakamakonsa, domin idan ciwo ya kama su jirgi suke hawa zuwa Landan ko Alƙahira ko Dubai.

Masu Jinyar Tsofaffin Wasu

Ko da an ware kuɗin, sai an sami hannun da zai yi aikin. A 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya bayyana cewa likitoci kimanin 55,000 ne ke da lasisin aiki a ƙasar, kuma kusan 16,000 sun fice cikin 'yan shekarun da suka gabata. A shekarar ce kuma hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista ta ce sama da 42,000 daga cikinsu sun bar ƙasar cikin shekara uku. Waɗanda suka rage sun fi taruwa a Legas da Abuja da manyan birane. Cibiyar farko ta kula da lafiyar tsofaffi zalla sai a 2012 aka buɗe ta, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan.

A watan Fabrairun 2022 Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga masu aikin kula da tsofaffi, Najeriya kuma ta shiga sahun gaba tare da Indiya da Zimbabuwe wajen tura ma'aikata, har zuwa lokacin da aka rufe ƙofar a watan Yulin 2025. Dubban matasan Najeriya na can suna juya tsofaffin Ingila a kan gado bisa ƙa'ida, ana biyan su a kan kowace awa. Babu mai ganin laifinsu. Can aikin sana'a ce mai horo da albashi, a nan kuwa ba a ma ba shi suna ba.

Raɗaɗin Da Ba Dole Ba

Abin da ya fi ci wa masu jinya tuwo a ƙwarya shi ne kukan mara lafiya cikin dare. Ciwon daji idan ya yi nisa yana zuwa da raɗaɗin da farasitamol ba ya taɓawa. Maganinsa sananne ne kuma mai araha, wato mofin na sha, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin magungunan da ba a yi sai da su. A Najeriya samun sa ya taƙaita ga wasu manyan asibitoci.

Tun bayan hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 da tsananta yaƙi da taramol, duk wani magani mai ƙarfi ya zama abin tsoro ga likita da mai harhaɗa magani. Yaƙi da shaye-shaye wajibi ne, Arewa ta fi kowa sanin ɓarnar da ƙwaya ta yi wa matasanta. Amma ƙwayar na nan tana yawo a lungu da saƙo, yayin da tsohuwar da ke buƙatar maganin a bisa ƙa'ida ke cikawa cikin azaba.

Al'ada Ta Zama Mafakar Gwamnati

Duk lokacin da aka ta da wannan magana, amsar da ake bayarwa ita ce a nan ba a kai iyaye gidan gajiyayyu. Gaskiya ne. Addini ya yi umarni da kyautata wa iyaye musamman idan tsufa ya riske su, kuma abin kunya ne a ce ɗa yana raye aka kai mahaifinsa hannun hukuma. Mafi yawan tsofaffi su ma sun fi son su ƙare kwanansu a ɗakinsu, cikin jikokinsu, suna jin kiran sallar masallacin unguwarsu. Wannan gado ne mai daraja.

Sai dai gidan da al'adar ta dogara da shi ya sauya. Babban gida mai sassa goma, inda matan gida ke karɓa-karɓar kwana a wurin mara lafiya, yana watsewa. 'Ya'ya sun bazu neman abinci, wasu na zaune a ɗaki ɗaya na haya. A Zamfara da Katsina da Borno, tashin hankali ya tarwatsa garuruwa, kuma tsofaffi ne ake bari a baya idan gudu ya kama. Gwamnati ta fake da cewa dangi za su yi, ta janye hannunta gaba ɗaya. Son a yi jinya a gida ya kamata ya zama dalilin kai wa gidan ɗauki, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai masu cewa ƙasar da mata ke mutuwa wurin haihuwa, yara ke mutuwa da tamowa, ba ta da rarar da za ta kashe a kan wanda ya riga ya ci zamaninsa. Hujjar na da nauyi, amma ta manta cewa kuɗin jinyar tsoho daga kuɗin makarantar jikansa ake ciro shi. Ta kuma manta cewa ziyarar ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako ta fi araha a kan kwanciyar wata guda a asibiti saboda gyambon da aka iya hanawa.

An Yi A Wasu Wurare, An Kuma Yi A Nan

A Jihar Kerala ta kudancin Indiya, wasu likitoci sun fara aikin rage raɗaɗi a birnin Kalikut a 1993. Daga baya aikin ya zama na unguwanni: 'yan sa-kai da aka horar suna gano marasa lafiyar da ke kwance, ma'aikaciyar jinya na zagayawa gida-gida, jama'a na tara gudunmawa. A 2008 jihar ta mayar da abin manufar gwamnati, ƙananan hukumomi suka shiga ɗaukar nauyinsa.

A Yuganda, Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Najeriya, ta kafa cibiyar jinyar masu ciwon ajali a 1993, ta shigo da mofin na sha mai araha. A 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka yi wa horo na musamman izinin rubuta maganin, saboda ta san likitoci ba za su isa ƙauyuka ba. Yuganda ba ta fi Najeriya arziki ba.

Misali mafi kusa yana nan gida. Domin kawar da shan-inna, an ƙwanƙwasa kusan kowace ƙofa a Arewa, an yi wa bango alama da alli, an sa hakimai da dagatai da masu unguwanni a gaba, har aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020. Duk damina kuma ana bin gidaje da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara. Akwai ma'aikatan lafiya na al'umma waɗanda tsarin aikinsu tun asali ya tanadi su riƙa shiga gidaje, akwai kuma shirin CHIPS da aka ƙaddamar a 2018. Ma'aikaciyar da ta shiga gida ta ɗiga wa jariri rigakafi, takan wuce ta ƙofar ɗakin da kakarsa ke kwance, domin ba a rubuta kakar a takardarta ba.

Tambayoyin Da Suka Dace Da 2027

Abin da ake buƙata ba ya neman sabon gini ko yanke kirtani. Kowace cibiyar lafiya ta mazaɓa za ta iya buɗe rajistar marasa lafiyar da ke kwance a yankinta, ta ware ranakun ziyara. Kowane babban asibiti zai iya wajabta koya wa mai jinya juyawa da ciyarwa da tsaftar rauni kafin a sallami mara lafiya. Hukumomin inshorar jihohi, irin su KSCHMA ta Kano da KADCHMA ta Kaduna, za su iya sa ziyarar gida da kayan wanke rauni cikin abin da suke biya. Hukumomin zakka da waƙafi, kamar na Kano da Sakkwato, za su iya kafa rumbun aron keken marasa lafiya da katifar hana gyambo. 'Yan agajin ƙungiyoyin addini, da matan FOMWAN, da zumuntar mata ta majami'u, rundunar 'yan sa-kai ce da ke jiran horo kawai. Horar da matasa aikin jinyar gida da ba su takardar shaida kuma hanya ce ta samar da aikin yi.

Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, shugabanninsu sun rage hujjar cewa kiwon lafiya a matakin farko ya fi ƙarfinsu. Idan 'yan takara suka fito neman ƙuri'a, matasa na da damar ajiye batun shinkafa da atamfa, su tambayi ɗan takarar kansila da na ciyaman da na gwamna: marasa lafiya nawa ne ke kwance a gida a mazaɓarsa, wa ke zuwa duba su, kuma nawa aka ware masu?

Matasa su ne rukuni mafi girma a rajistar masu zaɓe, su ne kuma ke tura kuɗin magani ta waya a ƙarshen kowane wata, ƙannensu mata ne ke kwana a zaune. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake da shekara 30 a yau, tsarin da aka gina ko aka ƙi ginawa cikin waɗannan shekaru shi zai tarar ranar da aka sallamo shi.